Gireba Don Malam Yahya

McLeansville, Janairu

Zuwa ga Goggo Jimmai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar taki? Ina fata mutanen Tudun Wada duk suna lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Haidar yana gaishe ki, kullum yana kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. 'Yarmu Afnan tana aji huɗu yanzu. In an yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, kakanta kaɗai take lallaɓawa ta yi wa Hausa, shi ma don ba ya kula ta in ba haka ba.

Tunda kunnenki ya daina ɗaukar magana a waya, na ga gara in rubuta a takarda, in ɗauki hotonta in turo miki, ki karanta a tsanake.

Maganar ƙanenki ce. Tun da Baba ya iso nan Amurka, likita ya ce sukarin jininsa ya hau fiye da kima. An sa masa allura, an hana shi zaƙi. Kin san Baba da shayi. Na zuba masa ba sukari, ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin, ya ce shi ba a haife shi don shan ruwan zafi ba. Abinci ma ba ya ci sosai, ya rame har wandonsa yana zamewa. Yana wuni a bakin taga yana kallon filin da ke bayan gidanmu, inda ba kowa sai itatuwan da sanyi ya kakkaɓe. Ranar Juma'a na ce masa, "Baba, me kake sha'awa in yi maka?" Ya ce, "Girebar Yaya Jimmai."

Shi ne na shiga neman yadda zan yi gireba ba sukari. A kantunan nan akwai abubuwan zaƙi iri-iri da ake yi wa masu ciwon sukari, har mutum ya rasa wanda zai ɗauka. Na fara da sitibiya, wadda ake samu daga wani ganye. Ɗan kaɗan ɗinta ya fi cokali goma na sukari zaƙi, to amma ashe sukari ba zaƙi kaɗai yake ba gireba ba, shi ne rabin jikinta. Abin da na fitar daga obin fulawa ce da mai kawai, ga ɗaci a ƙarshen harshe. Na koma kan wani farin gari mai suna iritiritol. Wannan ya yi kama da sukari a ido, girebar ta tsaya kyam, har na yi murna. Baba ya gutsura, ya tauna, ya dube ni ya ce, "Khairiyya, man goge baki kika sa a ciki?" Gaskiyarsa ne, wani sanyi yake bari a baki kamar na'ana'a.

Goggo, don Allah ki rubuto mini yadda kike yin taki, da ma'auninki da komai. Wataƙila ba abin zaƙin ne kaɗai matsalar ba, har da hannuna. Ina so in ga ya cinye abu ɗaya da daɗin rai.

'Yarki,
Khairiyya


Tudun Wada, Zariya, Fabrairu

'Yata Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta da tabarau biyu. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda kika san ta, in ta ga dama ta bar ni in je kasuwa, in ba ta ga dama ba in zauna. Ki gai da Haidar. Ki ce wa Afnan in ta zo gidana da Turanci, da yunwa za ta kwana.

Ga gireba. Fulawa gwangwanin madara huɗu, a tankaɗe. Sukari gwangwani ɗaya da rabi, a daka shi sai ya yi laushi kamar hoda, a tankaɗe shi ma. Man gyaɗa na ƙuli, a soya shi da ɓawon lemo ya huce, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu har sai kin dunƙula ya tsaya bai rushe ba. Ruwa ko ɗigo kada ya taɓa ta. Ki danna a ƙaramin ludayi, ki kife, ki manna riɗi a ka. Wuta kaɗan. Gireba ba ta son ta yi ja, fara ake fitar da ita.

Waɗannan abubuwan da kika lissafo, ni ban san su ba, kuma sunansu ma bai kwanta mini ba. Abin da bakina ba zai iya faɗa ba, me zai sa in ba ɗan'uwana ya ci? Me ya hana ki sa zuma? Ko ki daka dabino? Su dai mun san inda suka fito.

Amma kada ki ɗauka faɗa nake yi miki. Na san Yahya, ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yana ƙarami, in ina yin girebar biki, sai ya zauna kusa da murhu ya ce shi ne mai gadin garwashi. Waɗanda suka fashe nasa ne. Sai na lura kullum masu fashewa suna ƙaruwa, ashe da ɗan yatsa yake taimaka musu. Mutumin da ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya da alewa a aljihun kakinsa, shi za ki raba da zaƙi rana ɗaya? Sai kin yi haƙuri da shi.

Ramar nan da kika ambata ita ce ba ta yi mini daɗi ba. Ki matsa wa likitocin su duba shi da kyau. Don wannan muka yarda ya tafi, ba don ya je ya kalli itatuwa ba.

Ki ce masa ɗakinsa yana nan, ina sa a share duk Juma'a. Tsohuwar akuyarsa ta haifi biyu.

Goggonki,
Jimmai


McLeansville, Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina fata azumin bai wahalar da ke ba. Mu muna lafiya. Baba bai yi azumin bana ba, muna ciyarwa a madadinsa.

Na gode da ma'auni. Zuma da dabino na tambaya, an ce su ma suna ɗaga sukarin jini kamar sukarin kanti, sai dai ɗan bambanci. Na gwada dabinon duk da haka, na huda yatsansa bayan ya ci, na ga abin da na'urar ta nuna, ban sake ba. Wata 'yar Nijar, Anti Kouloussoum, mai shagon kayan abincinmu a Gate City Boulevard, ita ta nuna mini wani mai suna alulos. Mijinta ma yana da ciwon, da shi take yi masa gato, wato kek a bakinsu. Ba ya ɗaci, ba ya sanyi, sai dai yana saurin ƙonewa. Tire biyu na farko sun fito jajaye kamar ƙuli. Na rage wuta, na haɗa shi da ɗan iritiritol ɗin nan, na niƙa su tare. A ƙarshe ta fito fara. Baba ya ci guda ɗaya da rabi ya ce, "Wannan ta yi kusa da Zariya, ta kai Kaduna." Na shiga ɗaki na yi sujada.

Na bi maganarki na matsa musu, sun yi masa hoton ciki da wasu gwaje-gwaje. Makon jiya muka koma jin sakamako. Likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani mai tsawo. Ya ce ba sai mun ci gaba da yawan zuwa asibiti ba. Ya ce in daina huda masa yatsa safe da yamma. Ya ce daga yanzu a bar Baba ya ci duk abin da ransa yake so, har da sukari.

A mota Baba ya ce shi gida yake so ya koma. Goggo, ke ce babba. Me kika gani?

Ki sa mu a addu'a a goman ƙarshe.

Khairiyya


Tudun Wada, Afrilu

'Yata Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, wayata ce ta faɗa a bokitin wanki tun tsakiyar azumi, sai bayan Sallah mai gyara ya dawo da ita. Ina buɗewa na tarar da takardarki.

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na karanta wurin da likita ya ce a bar shi ya ci abin da yake so, na ajiye wayar na yi ta kuka ni kaɗai. Allah ya saka miki, ke da mijinki. Ba kowace 'ya ce za ta tsaya a kan ciwon uba har ta ga bayansa ba. Na gaya wa Malam Salissou limamin unguwa, ya sanar a masallaci. Na yi waina na raba. Jiya na yi gireba da hannuna, wadda rabon da in yi tun bikin autar maƙwabta, na aika gida-gida, na ce ta samun sauƙin Yahya ce.

To yanzu sai ki tattara waɗancan garin masu wuyar suna ki mayar wa 'yar Nijar, ki yi masa ta gaskiya.

Maganar dawowa kuwa, kada ku yi gaggawa. Mutum ya tashi daga ciwo ba a jefa shi a jirgi nan take. Zafin da ake yi a Zariya yanzu ko mai lafiya yana jin jiki. Kuma ga wani abu: rufin ɗakinsa yana yoyo tun bara, ban gaya masa ba. Da na ji labarin nan sai na kira kafinta na sa ya kware kwanon gaba ɗaya, za a sa sabo, a yi silin, a yi fenti. Ba na so ya dawo ya tarar da ɗaki a buɗe. Ku bari damina ta wuce, ya ƙara ƙiba, ya zo da kaka lokacin sabon gero. Ki gaya masa ni na ce.

Goggonki mai farin ciki,
Jimmai


Tudun Wada, Yuni

Khairiyya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya, tunda ba ku ga dama kun faɗa ba.

Tun Afrilu nake duba waya. Na turo hoton rufi, shiru. Na turo hoton fenti, kika turo mini ɗan hannun nan mai ɗaga yatsa, shi ke nan. Na sa an kira Haidar, ya ce yana tuƙi zai kira, bai kira ba. In maganar da na yi a kan garin zaƙinki ce ta ɓata miki rai, ki faɗa mini, ni ba na jin kunyar ba ɗiyata haƙuri. In kuma Yahya ne ya ji daɗin Amurka har ya manta da mai goyonsa, shi ma ya faɗa.

Mutane suna tambayata yaushe zai dawo. Me zan ce musu?

Jimmai


McLeansville, Yuni

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ni da Haidar da Afnan lafiyarmu ƙalau. Don Allah kafin ki ci gaba da karantawa ki zauna, in akwai wani a kusa ki kira shi ya zauna tare da ke.

Baba bai warke ba. Hoton da aka yi a watan Maris ya nuna ciwon daji ne a cikinsa, ya riga ya bazu har hanta. Shi ne ya sa sukarin ya ƙi sauka, shi ne ya kawo ramar. Likitan ya ce magani ba zai tsayar da shi ba, sai dai ya ƙara masa wahala, Baba kuma ya ce ba ya so. Da ya ce a bar shi ya ci abin da yake so, nufinsa babu sauran abin da ake tsare masa. Na zauna rubuta miki a lokacin, hannuna ya kasa rubuta sunan ciwon. Na rubuta abin da likita ya ce kawai, ina ganin za ki gane.

Da amsarki ta zo, na karanta wa Baba. Na kai wurin waina da gireba gida-gida, na kasa ci gaba. Ya karɓi wayar ya sa tabarau ya ƙarasa da kansa. Na ce, "Baba, bari in rubuta mata gaskiya yanzu." Ya ce, "A'a. Rabon Yaya da irin wannan murna tun ina saurayi. Ki bar ta ta ɗan ji daɗinta." Na ce to maganar tafiya fa? A lokacin likita ya ce zai iya shiga jirgi in an yi sauri. Ya ce, "Ta ce a jira kaka. Ban taɓa tsallake maganarta ba, ba zan fara da tsufa ba." Na roƙe shi, Haidar ya roƙe shi, har Alhaji Ousmane, dattijon da suke zama tare a masallacin Juma'a, ya zo gida ya yi masa magana. Ya ce in muka kai shi gida a haka, ranar da ya sauka ranar za ki gane, shi kuma ba zai iya kallon fuskarki ba. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya miki ba. Ƙarya kuma ba zan iya rubuta miki ba. Shi ya sa na yi shiru.

Yau na karya alkawarin, kuma na gaya masa zan karya. Ya juya fuska bango. Yanzu ba ya iya tafiya ko banɗaki sai an riƙe shi. Ma'aikatan jinya suna zuwa gida suna ba shi maganin rage zafi. Maganar jirgi ta wuce.

Akwai abin da yake ci mini rai, Goggo. Tun watan Maris aka ce in ba shi sukari, amma ban iya ba. Na ci gaba da yi masa ta alulos, ina auna komai kamar da. Gani nake ranar da na buɗe gwangwanin sukari na zuba a fulawa, ranar na yarda zai tafi. Shi kuma bai taɓa tambaya ba, yana karɓa ya ce an gode. Shekaranjiya Anti Kouloussoum ta zo dubiya, ta same ni a kicin ina niƙa garin. Ta riƙe hannuna ta ce, "Khairiyya, wannan na masu sauran shekaru ne, irin mijina. Ba wa tsoho abinsa." Har yanzu ban yi ba.

Ki yafe mini. Ki rubuto masa wani abu, zan karanta masa.

Khairiyya


Tudun Wada, Yuni

'Yata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta. Ina lafiya, kada ki damu da ni, matar Malam Salissou tana nan tare da ni.

Na koma na sake karanta takardarki ta azumi. Komai yana ciki. Shekara talatin ina koya wa yara karatu, ina ce musu su lura da abin da ke gaban idonsu, ga shi 'yata ta rubuto mini ta ce ke ce babba me kika gani, ni kuma na tashi na soya waina. Abin da nake so na karanta. Babu laifinki a nan, kada in sake jin kin ce a yafe miki.

Yanzu ki saurare ni. Ki tashi ki buɗe gwangwanin nan. Sukari ba shi zai ɗauke shi ba, rashinsa kuma ba zai riƙe shi ba. Wahalar da kika sha a kan waɗancan garin ba ta tafi a banza ba, da su kika ciyar da shi lokacin da ake sa rai, kuma daidai kika yi. Wancan lokacin ya wuce. Ki daka sukari ya yi laushi, ki sa gwangwani ɗaya da rabi, kada ki rage ko cokali. Ki yi bisimilla ki zuba.

Wannan kuma ki karanta masa:

Yahya, ni ce. An gaya mini, kuma kada ka yi fushi da yarinya, ni na matsa mata. Ka ce ba ka taɓa tsallake maganata ba. Ƙarya kake, ka sha tsallakewa, sai wannan karon da ya kamata ka tsallake ka ƙi. Na yafe maka wannan da duk sauran. Kai ma ka yafe mini, na tsare ka a ƙasar mutane da bakina. Ban san ƙasa ko sama ba lokacin da aka miƙo mini kai, ina 'yar shekara goma sha biyu, amma ban taɓa nadamar ɗaukarka ba. Ka ci abin da za a ba ka. Ka riƙe kalmar shahada. In Allah ya sa ka riga ni, ba zan daɗe ba.

Khairiyya, ki riƙa rubuto mini ko layi ɗaya ne, kowane irin labari ne. Kada ki sake tausaya mini da shiru.

Jimmai


McLeansville, Yuli

Goggo,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Na san Haidar ya kira Malam Salissou ranar da abin ya faru, kuma an gaya miki. Amma na yi miki alkawarin rubutu, ga shi. Mu muna lafiya, jama'a ba su bar mu mu kaɗai ba.

Na karanta masa saƙonki. Da na zo wurin da kika ce ƙarya yake, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sauran kuma ya saurara idonsa a rufe. Ya ce in gaya miki babu abin yafewa, kuma ƙasar Allah duk ɗaya ce.

Washegari na yi girebar. Ya ce a turo shi kicin a kekensa na marasa lafiya. Na zuba sukarin yana kallo. Da na fara dannawa a ludayi ya ce ba haka kike yi ba, ya miƙo hannu. Hannun ba ƙarfi, amma ya danna guda uku da kansa, Afnan ta manna musu riɗi. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Da ta huce na ba shi ɗaya da shayi mai sukari. Ya gutsuri kaɗan, ya daɗe da ita a baki. Na ce, "Baba, ta yi?" Ya ce, "Bakina ba ya jin ɗanɗanon komai yanzu, Khairiyya. Amma yadda ta narke, ita ce." Bai ƙara ba. Ya ce a ba Afnan sauran, ya zauna yana kallonta tana ci har ta cinye. Bayan wannan bai sake cin wani abu mai tauri ba, sai ruwa da ɗan kunu.

Ya cika ranar Talata da hantsi. Ina riƙe da hannunsa, Haidar yana karanta masa Yasin. Ya yi shahada, Goggo, na ji da kunnena. Ba a sha wahala ba wajen fitar rai.

Alhaji Ousmane da Haidar suka yi masa wanka. An yi masa salla bayan azahar washegari, masallaci ya cika, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, har da Larabawa da 'yan Sudan da ba su san shi ba. Maƙwabcinmu Malachy, wanda ba Musulmi ba ne, ya ajiye aikinsa ya bi su har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu.

Ranar sadakar uku na yi gireba tire biyu, ɗaya da sukari, ɗaya da alulos, don dattawan da ke zuwa gaisuwa rabinsu suna da ciwon. Alhaji Ousmane ya tsaya a gaban tiren ya ce, "'Yata, wanne ne nawa?" Na nuna masa. Ya ci biyu, ya naɗe biyu a takarda ya sa a aljihu, ya ce rabonsa da gireba tun kafin a sa masa allura.

Kayansa suna nan, ban taɓa ba tukuna. In akwai abin da kike so a kawo miki, ki faɗa.

'Yarki,
Khairiyya


Tudun Wada, Agusta

'Yata Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abocinsa, mun gode Allah. Ina lafiya. An yi zaman makoki a nan, mutanen jirgin ƙasa tsofaffin abokan aikinsa sun zo, waɗanda na aika wa gireba su ma sun zo, ba wanda ya tayar mini da maganar. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi wa ubanki.

Kayansa ki rabar a can, akwai masu bukata a ko'ina. Ba na son komai.

Abu ɗaya nake so. Duk namu a nan suke kwance, iyayenmu da mijina da 'ya'yana biyu, na san ƙasar da ta rufe su, na sha taka ta. Shi kaɗai ne ban san inda yake ba. In na rufe ido in yi masa addu'a, sai in rasa inda zan ajiye shi. Kada ki turo hoto, ba na son ganin kabari a waya. Ki je ki duba da idonki, ki rubuto mini. Wace irin ƙasa ce? Akwai inuwa? Su wa ke kusa da shi?

Jimmai


McLeansville, Agusta

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kina lafiya.

Jiya Haidar ya kai ni. Wurin yana bayan gari, ba hayaniya, sashen Musulmi yana daga gefen gabas. Akwai dogayen itatuwa a bakin shingen, da yamma inuwarsu tana kaiwa kansa. Ta damansa wani dattijo ne ɗan Damagaram, ta hagunsa wata yarinya 'yar Sudan. Ciyawa ba ta rufe nasa ba tukuna.

Ƙasar ja ce, Goggo. Jar ƙasa mai danƙo, irin wadda ake kwaɓawa a yi gini da ita a Zariya. An yi ruwa da safe, na durƙusa na taɓa ta, ta kama mini hannu da gefen zane. Har muka iso gida ban wanke ba.

Khairiyya